Na'urorina na Dawanau suna zubar da bayanai, ina mafita?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Aikin kammala digiri nake yi. Na kafa ƙananan na'urori 12, masu ESP32 (ƙaramar kwamfuta mai iya tura saƙo ta iska), a sito-sito na wake a Dawanau, suna auna zafi da laima. Duk minti ɗaya kowacce tana miƙa wa maƙwabciyarta saƙo, har ya isa ga uwar, wato babbar na'urar da ke tara awon duka 12 ɗin, wadda ke da layin waya. To ranar Asabar batirin uwar, mai caji da solar, ya mutu, awon kwana biyu ya bi ruwa. Kuma na lura biyun da ke kusa da ita su ke fara macewa, alhali batiri iri ɗaya na sa wa kowa. Malamina yana jiran sakamako. A taimaka.

Injiniya Fagge:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba laifin batiri ba ne. Biyun nan su ne 'yan dakon kowa, saƙon sauran goma ta kansu yake bi, kuma rediyon da na'urar ke tura saƙo da shi ya fi komai shan wuta. Wake ba ya canza zafi a minti ɗaya. Ka mayar da awon duk minti 15, tsakani na'urar ta yi barci. Sannan ka duba tsarin LEACH, wanda aka fitar a jami'ar MIT ta Amurka a 2000: ana raba na'urori rukuni-rukuni, shugaban rukuni ya dunƙule awon ya tura sau ɗaya, shugabancin kuma karɓa-karɓa ake yi don kada ɗaya ta ƙare ita kaɗai.

Maman Hanif:
Ni abin da ya fi damuna ajiyar. Kada na'ura ta goge awo sai uwar ta amsa cewa ya iso. Ka rubuta shi a ƙwaƙwalwarta da lamba bi da bi, ka ba maƙwabciya kwafi, ko da ɓera ya ci wayar ɗaya. Ka sa agogo DS3231, in ba haka ba bayanan za su dawo ba ka san na yaushe ba ne. Ya taɓa ci na.

Ɗan Gwale:
Na gode, Aunty. Kwafin ba zai ƙara shan batirin ba?

Maman Hanif:
Zai sha, amma kaɗan, in sau ɗaya a awa ne. Kuma ka hau ka goge solar ɗin uwar. Da ƙurar hunturun nan, ina zargin shi ya kashe ta.