Me za mu kira "credibility" da "experience rating" a inshorar mota?

1. Jama'a, kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Na ga an fassara ta farko da "sahihanci", ta biyu kuma "kimanta gogewa". Duka biyun ba su zauna ba.

2. Mu fara da mai sauƙin, wato ta biyu. Masu inshora ba gogewar direba suke nufi ba. Mai shekara 30 a kan sitiyari yana iya zama wanda ya fi kowa jawo musu asara. Abin da suke dubawa shi ne sau nawa aka biya diyya a kanka, kuma nawa. A Faransa, duk shekarar da ba ka yi hatsarin da laifinka ne ba, ana rage maka kashi 5 cikin 100 na kuɗin inshora, har kuɗin ya koma rabi bayan shekara 13. Ka yi hatsari ɗaya da laifinka, a ɗora maka kashi 25. Ni dai "farashin tarihi" na zaɓa.

3. Ta farkon ce mai ƙashi. Ku duba mai shago da sabon maƙwabci ya zo neman bashin shinkafa. Bai san shi ba, sai ya auna shi da ma'aunin 'yan unguwa. Ya biya sau ɗaya, an ɗan saki jiki. Ya shekara biyar bai saɓa ba, yanzu halinsa ke magana, an bar zancen unguwa. To wannan saki jikin ne masana lissafin inshora suka mayar lamba, daga 0 zuwa 1.

Misali: direbobi irinka ana yanka musu 100,000, tarihinka kuma yana nuna 40,000 ya isa. In lambarka 0.1 ce, a ɗauki kashi 10 daga naka, 90 daga na taro, ka biya 94,000. Ka ga ba a ce ka yi ƙarya ba. An ce shaidarka ba ta yi nauyi ba tukuna.

4. Kuma da wuya ta yi nauyin. A 1959 wasu masana lissafin inshora biyu, Bailey da Simon, sun bi bayanan motocin Kanada, suka tarar a rukunin motoci mafi girma, lambar shekara ɗaya ta mota ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, shekara uku kuma kusan kashi 8 ne. Dalili kuwa hatsari ba kullum yake faruwa ba, ko mai ganganci yana iya shekara lafiya lau. A tsohuwar ƙa'idar Amurka ma sai an tara diyya 1,082 kafin a yarda da bayanai ɗari bisa ɗari.

5. Na kai wa wani malamina maganar, ya ce, "Ɗana, ka ce amana mana." Na ce, "Allah gafarta Malam, amana halin mutum ce. Nan ko waliyyi ne ya sayi mota jiya, lambarsa sifili." Ya yi dariya, ya kawo "ma'aunin yarda". Ta yi daɗin baki, ban ƙi ta ba, sai dai yarda a zuciyar kamfani take, alhali abin da ake aunawa yana jikin bayanan ne. Shi ya sa na fi karkata ga "nauyin shaida".

6. (A Najeriya ba ma jin abin sosai, don inshorar dole da yawancinmu ke yanka, naira 15,000 ce tun Janairun 2023, da mai nutsuwa da mai tuƙin ganganci.)

7. Ga gwaji a jimla: "Kamfanin yana bin farashin tarihi, amma nauyin shaidar direba ɗaya kaɗan ne." 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, yaya kunnenku ya ji ta?