Neman shawara: za mu sauya wa shafin kamfaninmu gida, kuma shugabanni na son a sa masa ƙirƙirarriyar basira

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfanin ɗab'i da ke Kano, wanda ke buga littattafan firamare da na ƙaramar sakandare bisa manhajar karatu ta hukumar NERDC, wasu da Turanci, wasu da Hausa. Shafinmu na intanet an gina shi ne a kan Joomla 3, wata manhajar gina shafukan intanet, kuma wanda ya gina shi ya daɗe da barin aikin. A cikinsa akwai jerin littattafanmu, da jagororin malamai, da tambayoyin gwaji waɗanda makarantu ke saukewa. Yanzu yana da nauyin buɗewa a waya, akwatin bincikensa ba ya gano yawancin littattafan Hausa, mai son saye kuma sai ya kira mu ko ya turo saƙo ta WhatsApp. Shugabanni sun amince a sauya shi, amma suna son a haɗa da mataimaki irin ChatGPT wanda zai amsa wa ɗalibai tambayoyi, ya kuma tsara wa malamai darasi. Wani kamfani ya yi tayin kammala aikin gaba ɗaya kafin a koma makaranta a Satumba. Ina neman shawararku a kan inda ya kamata mu koma, da ko ya dace a haɗa ayyukan biyu, da abin da zan tabbatar an rubuta a yarjejeniya.

Injiniya daga Kaduna: Wa'alaikumus salam Malam. Sauyin dai ya zama dole, domin tun watan Agustan 2023 masu Joomla suka daina gyara matsalolin tsaro na Joomla 3, ke nan duk ɓarakar da aka gano bayan nan tana nan a buɗe a shafinku. Kuna iya hawa sabon Joomla, ko Drupal, ko WordPress. Drupal ya fi ƙarfi wajen tsara bayanai masu rassa da yawa, sai dai masu iya shi kaɗan ne a wajenmu kuma suna da tsada. Ni WordPress tare da WooCommerce, ƙarin da ke mai da shi shagon sayar da kaya, zan zaɓa muku, domin idan wanda ya yi aikin ya tafi ba za ku rasa wanda zai ci gaba ba, kuma haɗa shi da Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi ba shi da wahala.

Amma abin da ya fi zaɓin dandali muhimmanci shi ne adireshin shafukanku. Kowane littafi da kowace jagora suna da adireshin da Google ya sani, wanda malamai suka ajiye ko suka tura wa juna. Idan aka koma sabon gida adireshin ya canza ba tare da an yi masa juyi na dindindin ba, wato umarnin 301 da ke kai mai bin tsohon adireshi zuwa sabon, duk wanda ya bi tsohon zai tarar da shafin babu shi, kuma matsayin da kuka yi shekaru kuna samu a bincike zai zube. A fitar da jerin tsofaffin adireshi duka, a rubuta wa kowanne sabon wurinsa, bayan ƙaura kuma a riƙa duba Google Search Console, manhajar Google ta masu shafi, don ganin waɗanda suka kuɓuce. Batun Satumba kuwa, ina roƙonka ka ƙi amincewa, domin Agusta da Satumba ne lokacin da makarantu da iyaye ke sayen littafi, ba a rushe shago ranar kasuwa. A gina sabon a gefe, a gwada shi a tsanake, a buɗe shi bayan cinikin zangon farko ya lafa, tsohon kuma a ajiye cikakken kwafinsa.

Edita mai gyaran littattafan Hausa: Malam, abin da ka faɗa game da akwatin bincike shi ya ja hankalina, kuma ina kyautata zaton na san tushensa. Yawancin littattafan Hausa da aka tsara a shekarun baya an buga su ne da tsofaffin haruffan kwamfuta waɗanda suka ari wasu alamomi suka mai da su haruffa masu ƙugiya. A takarda komai daidai yake fita, amma da zarar an kwafe rubutun zuwa intanet sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]an a maimakon ɗan. Idan aka kwashe wannan rubutu yadda yake aka zuba a sabon shafi, an yi ƙaura ne da cutar. Dole a bi shi a mai da shi Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke ganewa, a kuma tabbatar rumbun bayanan yana kan UTF-8, tsarin da ke ajiye irin waɗannan haruffa. Sannan a sa binciken ya gano littafi ko da mai nema bai sa ƙugiya ba, tun da mafi yawan mutane a waya ba sa sa ta.

Akwai kuma jagororin da hoton takarda ne kawai aka ɗauka aka mai da su PDF. Na'ura ba ta ganin kalma ko ɗaya a cikinsu, manhajojin da ke karanta hoto kuma sukan rikita ƙ da k, ɗ da d. A nemo ainihin fayilolin da aka tsara littafin da su, in ba a samu ba a karanta da na'ura sannan mutum ya bi layi-layi. Wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma kamfanonin gina shafi ba kasafai suke sa shi a lissafi ba. Shi ya sa nake ganin maganar ƙirƙirarriyar basira ba ta ma taso ba tukuna, domin daga wannan rubutun za ta riƙa ɗebo amsa, in ya gurɓace amsar ma ta gurɓace.

Wani mamba: Ni ban ga dalilin jinkirta ta gaba ɗaya ba. Ko ba a sa mai hira da ɗalibai ba, ana iya fara amfani da ita wajen binciken da ke gane ma'ana, yadda malami zai rubuta abin da zai koyar a aji huɗu, shafin ya nuna masa babin da ya dace.

Malamar sakandare: Na yarda da wannan, kuma a kan malamai ya kamata a fara. Waɗannan na'urori sukan ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken tabbaci, kuma Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba. Malami zai gane kuskure ya gyara, amma yaron aji biyar zai haddace shi ya kai ɗakin jarrabawa, sunan kamfaninku kuma shi ne a kai. Idan za a yi, a ɗaure mataimakin ya amsa daga littattafanku kaɗai, ya faɗi littafi da shafin da ya ɗauko, in bai samu ba ya ce bai samu ba. Kafin a buɗe shi ga kowa, a ba malaman kowane fanni su jarraba shi da tambayoyin da ɗalibai ke yi da gaske. Kada kuma a manta cewa yawancin yara da wayar iyayensu za su shiga, da ɗan datan da ya rage, don haka shafi mai sauƙin buɗewa ya fi musu amfani a kan kowane ado.

Lauya: Ranka ya daɗe, ga ɓangaren doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta wajabta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma abin da ɗalibi ya rubuta wa mataimakin yana iya ƙunsar sunansa da makarantarsa. Ku tambayi masu aikin inda waɗannan bayanai ke tafiya da tsawon lokacin da ake ajiye su. Sannan ku sake duba yarjejeniyarku da marubuta, domin wadda aka yi a kan buga littafi a takarda ba lallai ta ba ku izinin zuba shi cikin irin wannan na'ura ba. A yarjejeniyar aikin kuma a rubuta cewa sunan shafin, da asusun kamfanin da ke ajiye shi, da duk abin da aka gina, mallakar kamfaninku ne kuma da sunansa aka yi rajista. Manyan kamfanonin da ke hayar wannan fasaha da dala suke caji, gwargwadon yawan amfani, saboda haka a sa iyakar kuɗin wata, a kuma fayyace wanda zai biya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa shugabanni shawarar a raba aikin: gyaran rubutu da ƙaura tukuna, sannan bincike don malamai. Saura abu ɗaya, suna tsoron idan aka ɗora cikakkun littattafai za a sace su a yaɗa a WhatsApp.

Injiniya daga Kaduna: Babu kullen da zai hana wanda ya ƙudurta ɗaukar hoton allo, amma ana rage ɓarnar. Kada a bar cikakken PDF a adireshin da kowa zai buɗe, a bar babi ɗaya kyauta don ɗanɗano, sauran a karanta a cikin shafin bayan an shiga da asusu, jagororin da makaranta ta saya kuma a buga sunanta a kowane shafi. Mataimakin ma a hana shi zayyano babi sukutum, ya tsaya ga taƙaitacciyar amsa da nuna lambar shafi.