Neman shawara: kwas ɗin intanet ko in koma makaranta?

Mai tambaya, daga Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da aure da yara uku, kuma ina yin garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa ina sayarwa. Kullum sai mata sun tambaye ni me mai ciwon siga zai ci, ko me za a ba yaron da ba ya ƙiba. Ina so in riƙa ba da amsa da ilimi, ba da ka ba. Na ga wani kwas a intanet daga Amurka, na abin da suke kira holistik, wato duba lafiyar mutum gaba ɗaya: cinsa, barcinsa, damuwarsa da motsa jikinsa. Wata shida ne, da dala ake biya, a ba ka satifiket. Maigidana ya yarda zai biya, amma ya ce in fara bincike. Don Allah wannan takarda za ta yi min amfani a Kano? Sakamakona na WAEC na kimiyya ne.

Wata masaniyar abinci a asibiti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki biya tukuna. Asibiti ba zai ɗauke ki aiki da ita ba. Abin da ake nema digiri ne ko HND a Nutrition and Dietetics, wato ilimin abinci da lafiya, daga makarantar da hukumar jami'o'i ta NUC ko hukumar makarantun fasaha ta NBTE ta amince da ita, sannan horon shekara ɗaya a asibiti ƙarƙashin manya. Niyyarki na da kyau, kuma barci da damuwa da motsa jiki mu ma muna tambaya a kansu. Amma bari in nuna miki inda hatsarin yake. Mai ciwon ƙoda zai zo miki ƙafa a kumbure, ki ce ya yawaita dabino da ayaba tunda masu albarka ne. Dukansu cike suke da sinadarin fotashiyam, ƙodarsa kuwa ta kasa tace shi, idan ya taru a jini yana iya taɓa bugun zuciya. Ko mai allurar insulin ki rage masa tuwo ba ki san adadin da yake yi ba, siga ya faɗi ƙasa ya suma. Sai kin iya karanta takardar gwajin jini, kin tsaya gefen gadon marar lafiya, kafin ki san waɗannan.

Wani mai Islamic kemis a Kurna: Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma ba kowa ne ke neman aikin asibiti ba. Jama'armu zuma da habbatus sauda da zogale suka yarda da su, kuma gara a samu mai ilimi a cikinmu. Malama, idan kasuwanci kike so, fara da yi wa garin kununki rajistar NAFDAC. In kuma wurin duba mutane za ki buɗe, sai kin bi ta hukumar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a jihar nan.

Masaniyar abinci: Malam, ban raina zogale ba, ni ma ina sa marasa lafiya su ci. Amma zuma tana ɗaga siga, kuma masu ciwon da yawa na shan ta da sunan magani. Wannan ne ke damuna.

Wata ɗaliba a BUK: Anti, ga shi nan a gida, Jami'ar Bayero na yin kwas ɗin Nutrition and Dietetics, shekara huɗu ne. A JAMB za ki rubuta Turanci da Kemistiri da Bayoloji, na huɗun ki duba burosha ta bana. Akwai matan aure a ajinmu, har da mai goyo. Sai dai ki shirya wa Bayokemistiri, nan ake jin jiki. Kaduna Polytechnic ma tana yi, idan ND za ki fara.

Wani ma'aikacin shirin tamowa: Ni ta wani ɓangaren zan zo miki. Je ki asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar awon yara, ki nemi izinin taimakawa. Za ki ga yadda ake zagaya ɗan tef a damtsen yaro: in ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa ce mai tsanani, kuma kunu kaɗai ba zai fitar da shi ba, sai abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa a asibiti, da kulawar ma'aikata. Ƙungiyoyin da ke wannan aiki ma takardar makaranta suke tambaya idan za su ɗauki jami'in abinci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shekara huɗun ce ta ba ni tsoro, ga yara. Hajiya masaniyar abinci, kafin nan me zan riƙa ce wa masu tambayata?

Masaniyar abinci: Abin da ya shafi mai lafiya ki faɗa kanki tsaye: nono zalla wata 6, daga nan kunu mai kauri da gyaɗa da ɗan manja, rage gishiri da lemon kwalba. Mai siga, mai hawan jini, mai ƙoda da mai ciki kuwa, ki turo su sashen abinci na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin da suke ganin likita. Kuɗin dalar nan ki roƙi maigida ya ajiye miki na fom da rajistar shekarar farko.