Gem ɗin besbol na bugawa da yara: wa ke da masaniya?

Baban Tagwaye: Assalamu alaikum jama'a. Hutun nan ya yi tsawo, yara sun ishe ni. Tun ranar da suka ga wasan nan na Amurkawa, besbol, a wayar kawunsu suka tasa ni gaba sai na samo musu gem ɗinsa. Ina son wanda zan zauna mu buga tare har da Auta mai shekara 6. Ban son mai harbe-harbe ko hotunan banza.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam. Besbol a Birnin Kebbi? Alhaji feƙe musu taɓarya ka kai su fili.

Malamin Firamare: Ga wanda bai san shi ba, mutum 9 ne kowane ɓangare. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga ya zaga kusurwa huɗu. In ya dawo inda ya taso, ci ɗaya ke nan. Wanda ya kuskure sau 3 ya fita, in mutum 3 suka fita a yi canji. Na manya zagaye 9 ne, shi ya sa yake cin lokaci.

Ɗan Argungu: Malam kai da komai sai ka mai da shi darasi.

Mai Gyaran Waya: Ranka ya daɗe nemi Wii na gwanjo, na'urar gem ce da ake jonawa a talabijin, ka sa faifan Wii Sports. Tsohon abu ne, tun 2006, amma don yara ban ga kamarsa ba. Ba danne-danne, rimot ɗin za ka riƙe kamar kulki ka kai duka. Zagaye 3 kacal ne, masu tsaron fili kuma na'urar ce ke tafiyar da su, naka jifa da duka. Kafin shayi ya huce an gama. A faifan akwai tanis da dambe da golf, in sun gaji da wannan su koma wancan.

Baban Tagwaye: Mutum nawa yake ɗauka? Su huɗu ne fa, ni na biyar.

Mai Gyaran Waya: Besbol ɗin ciki mutum 2 ne. In kana son 4 lokaci guda sai Mario Super Sluggers na 2008, shi ma na Wii.

Hajiya Babba: Ni dai kafin ku yi nisa bari in faɗi abin da ya same ni, kowa ya ji da kunnensa. Bara jikana ya sauke wani gem na irin ƙwallon nan a wayata, wai kyauta ne. To kyauta ne ɗin, har sai da ya fara cin wasa. Ashe katin ATM ɗina na nan maƙale a wayar tun lokacin da 'yata ta saya min wani abu, ni ban ma san ana barinsa ba. Yaro ya ga an ce ga sabon kulki, ga sabuwar riga, ga ɗan wasa mai ƙarfi, sai dannawa yake yi. Ni kuma na kashe ƙarar saƙo saboda zaurukan biki sun dame ni. Sai ranar da na aika a ciro min kuɗin cefane mai POS ya ce babu. Da na duba, alat ne a jere, ɗari tara, dubu biyu, dubu huɗu, har kusan dubu 18. Na kira yaron nan, wallahi ko a jikinsa, cewa ya yi ai duwatsu ya saya ba kuɗi ya taɓa ba. Dukan ma na kasa, don shi a ransa gaskiya ya faɗa. Bayan wannan ga tallar da ke faɗowa tsakiyar wasa, wata ma ba ta kallo ba ce a gaban yaro. Tun ranar na sa aka cire katin, aka sa lambar sirri kafin a sayi komai. Kuma wani abu, gem ɗin waya mutum ɗaya ne, yaro zai shige lungu da ita ka yi ta kira bai ji ba. Kai da ka ce zama tare kake so, na talabijin za ka nema.

Maman Auta: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Ɗan Argungu: Dubu 18 duwatsu! Hajiya da kin ce mani in kawo maki na bakin gulbi kyauta.

Hajiya Babba: Za ka zo gaisuwar sallah ai, ina nan ina jiranka.

Bazamfare: Ni nan Gusau Super Mega Baseball muka bugawa bisa PS4, wata na'urar gem ta talabijin. Wani kamfanin Kanada yay yi shi. Abin da as sa nike son shi, kowa na da ma'aunin wahala nashi, har 99. Sai in ɗaga nawa sama, in sauke na ɗiyata ƙasa, mu kara tsakani da Allah. Ran nan ta cinye ni ban ƙyale ta ba, kwana ukku tana ba maƙwabta labari.

Injiniya: Ku bar wasan yara. MLB The Show shi ne na gaske, 'yan wasa na gaske, har Shohei Ohtani ɗan Japan na Los Angeles Dodgers, wanda a 2024 ya haɗa dukan fitar da ƙwallo waje 50 da satar kusurwa (wato rugawa kusurwa ta gaba ba tare da an daki ƙwallo ba) 50 a kaka guda.

Maman Auta: Injiniya an ce maka yaro ɗan shekara 6 ne.

Injiniya: Akwai matakin 'yan koyo a ciki.

Bazamfare: Ko da shi, maɓallan sun yi yawa. Uban ne za ya ƙare da pad ga hannu, ɗiya na kallo.

Ɗan Argungu: Injiniya dama ya saba goyon abin da ba ya ci, ɗan Man U ne.

Injiniya: Kai ka fara ko? A ƙirga kofuna.

Shugaban Zaure: Don Allah maganar ƙwallo a kai ta wancan zauren. Mun sha faɗa.

Kawu: Mu da langa da kokawa muka tashi, ba caji ba data, ga mu nan lafiya lau.

Malamin Firamare: Kawu a rana irin ta watan Afrilu wa zai tura yaro langa da azahar? Ni abin da na lura da shi a gidana, a sa doka tun ranar farko. Ba a kunnawa sai an dawo Islamiyya, an ji kiran magariba a kashe ko ana tsakiyar wasa. In ka yi sassauci sau ɗaya shi ke nan.

Baban Tagwaye: To batun wuta fa? Sola gare ni ƙarama.

Mai Gyaran Waya: Nan ma Wii ya fi. Bai kai wat 20 ba, PS4 na farko kuwa ya haura 100 in ana wasa. Amma kula da abu biyu. In na Amurka ne, adaftarsa ta wuta 120 ce, tamu 230, kana jonawa kai tsaye za ka ji ƙauri. Sai da sitefdawun ko ka canza adafta. Sannan faifan Amurka ba ya tashi a na'urar Turai, ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya. Rimot batir 2 yake ci, sayi masu caji.

Maman Auta: Kuma a ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu! Yaran yayata sun bar ta tana reto, guda ya kai duka rimot ya kuɓuce ya samu fitilar ɗaki. Allah ya tsare talabijin.

Bazamfare: A matsar da Auta baya kuma in babban na duka.

Baban Tagwaye: Na gode ƙwarai. Nawa zan tanada ke nan?

Ɗan Argungu: Kafin nan, wa zai shiga Jega ranar kasuwa? Ina da saƙon albasa.

Kawu: Ni zan je, amma mashin ne, buhu ɗaya kawai.