Wa ya iya pease pudding ɗin nan na mutanen Newcastle?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa. Wata na bakwai kenan a Newcastle, maigida na karatu. To akwai wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu da ta kawo min wani abu a roba wai pease pudding, rawaya ne kamar alala amma ya fi laushi, shafa shi suke a cikin wani burodi mai faɗi da suke kira stottie. Har na kai hannu sai Allah ya sa na tambaya, ashe a romon naman alade ta dafa, wai haka iyayensu suke yi. Na ba ta haƙuri. Amma abin ya tsaya min a rai, jiya na gwada da kaina, awa biyu a wuta waken ko gezau. Ina na kuskure don Allah?

Ɗan Katsina a Sunderland:
Wa alaikumus salam Hajiya. A shagon 'yan Pakistan kika saya ko? Ina zargin chana dal kika ɗauko, wani fasasshen wake ne da suke miya da shi, kamarsu ɗaya a ido da waken pease pudding ɗin amma shi taurin kai gare shi. Ki duba ledar, in na pease pudding ɗin ne yellow split peas za ki gani a rubuce.

Anty Bilki:
Maman Hanif ni kam na daɗe ina yi, yarana har sun fi son shi da bota. Rabin kilo nake jiƙawa tun dare, da safe na wanke na zuba a tukunya da albasa ɗaya da karas, sai romon ƙashin saniya a madadin nasu, ya ɗan hau kan waken kaɗan kawai kar ki cika ruwa don in ya yi yawa kunu za ki samu. In ya tafasa ki kwashe kumfar nan, ki rage wuta sosai kina juyawa lokaci lokaci, kama gindin tukunya yake kamar tuwo, ni na farko da na yi sai da na kwana ina kankare tukunya. Wajen awa ɗaya zuwa da rabi zai faffashe, ki cire karas ɗin ki tuƙa da muciya, ki sa bota, gishiri da masoro. Kar ki tsorata in kin ga da ruwa ruwa, sai ya huce yake kamawa har a yanka shi. Tsofaffinsu a ƙyalle suke ɗaure waken su jefa cikin tukunyar nama, ni ban da wannan juriyar.

Ummu Sadiq:
Kanwa fa? Da a gida ne ai 'yar kaɗan ta gama magana.

Anty Bilki:
Hhh kanwa za ta dusashe kalar. In dole ne bekin soda a bakin cokali ya isa.

Maman Hanif:
Malam gaskiyarka, yanzu na zaro ledar daga shara, chana dal ne ɓaro ɓaro. Anty na gode, gobe zan sake, in ya yi kyau har tsohuwar zan kai wa ta ɗanɗana namu na saniya.