Asusun ƙarfe mai ƙirga kuɗi da kanshi: ya yake aiki, kuma ya zan buɗe shi ba tare da na fasa ba?

Ɗiyar Malam, Rafin Daɗi:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da yamma. Dan Allah taimako nike nema wajen masu sanin kayan ƙarfe da kayan da. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin mahaifinmu Allah ya jiƙan shi, can ƙasan adaka ƙarƙashin tsofaffin takardu muka ci karo da wani asusu na ƙarfe baƙi, kamar ƙaramin injin kuɗi na kanti, tsawon shi bai wuce taƙi guda ba, da hannu da ake jawowa ƙasa da wata ƴar taga mai nuna lamba. An rubuta Uncle Sam's 3 Coin Register Bank a jikin shi. Tagar tana nuna 7.35 kuma in ka girgiza kana jin sulalla na motsi a ciki.

Innarmu ta ce tun kafin aurensu yake da shi, wani malaminsu ɗan Amurka ne ya ba shi lokacin yana makaranta, ita dai tunda take ba ta taɓa ganin an buɗe shi ba. Ba makulli, ba ma wurin sa makullin, mun juya shi ta ko'ina. Ƙanena har ya ɗauko sukundireba da guduma na ce wlh ba ka isa ba, ni ba kuɗin ciki suka dame ni ba, abu ne da Baba ya adana shekara sama da hamsin, ba zan so a kwankwatsa shi kamar gwangwanin madara ba.

Tambayata biyu ce. Abu ba batir ba wuta, ta ya yake sanin nawa aka sa mishi har ya rubuta? Sannan ya ake buɗe shi?

Mai Gyaran Agogo, Babbar Kasuwa:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya jiƙan Malam ya sa ya huta. Ki riƙe ma ƙanenki hannu tukuna, abin nan ba ya son guduma ko kaɗan, da kanshi yake buɗewa in lokacin shi ya yi.

Irin wanga ya taɓa zuwa teburina, kuma ranar da na fara leƙa cikin shi sai da na daɗe ina kallo don aikin ya burge ni. Ki fara cire ma ranki cewa ya san kuɗi, bai san komi ba, faɗin sulen kawai yake aunawa. In kin sa sule a bakin ba ya faɗawa ciki nan take, zama yake a wani ɗan gurbi sai kin jawo hannun. To jawowar nan, shi sulen da kanshi ne ke zama kamar wani sashe na injin, gefen shi ke tura wani harshen ƙarfe, harshen ya kama haƙoran wani faifai ya ja shi. Faɗin sulen ke yanke haƙori nawa harshen zai ja kafin ya saki. In kin jawo hannun ba sule a ciki, harshen ba shi da mai tura shi, faifai ba zai motsa ba, shi ya sa yaro ba zai iya zama ya yi ta ja lamba na hawa a banza ba.

Kowane haƙori guda senti 5 ne na Amurka. Sulalla ukun da aka rubuta a jikin shi su ne na senti 5, na 10 da na 25, don haka na farko haƙori 1 yake ja, na biyu 2, na uku 5. Akwai wani ɗan harshe na daban da sifirin, wato ƴar waya mai lanƙwashewa ta dawo, ke danne shi a jikin faifan, shi aikin shi kawai ya hana faifan komawa baya, shi ke yin ƙas ƙas ɗin da kike ji, irin wanda ke cikin firiwil na keke da ke barin tayar ta yi gaba amma ba baya ba.

Yanzu lissafin. Haƙori 20 sau senti 5 ya ba ki senti 100, dala guda kenan, faifan ya zagayo sau ɗaya cif. A jikin shi akwai ɗan tsini guda, duk zagaye ɗaya sai tsinin ya taɓa faifai na biyu mai nuna dala ya tura shi taki guda. In kina da kaunta ta tasbihi irin ta ƙarfe mai lamba huɗu ki danna ta ki kalla, in ta kai 9 kika ƙara sai ta koma 0 ta ja maƙwabciyarta ta zama 1. Aikin kenan, shi ne a tsohuwar mitar wuta, shi ne a agogon kilomita na tsofaffin motoci.

Maganar buɗewa kuwa, a jikin faifan dala akwai wata giɓa, sakatar ƙofar na jingine da gefen faifan ba ta da inda za ta shiga sai giɓar ta zo daidai da ita. Wanga irin naku da an sa senti 25 na farko yake kullewa, ba ya saki sai an cika dala 10, lamba ta zagayo ta koma sifiri. An yi shi ne da gangan don yaro ya yi haƙuri, ba ya da halin zungurowa da tsinke kamar yadda muka riƙa yi ma asusun ƙasa muna yara. Naku bai lalace ba in sha Allah, Malam ne bai kai ga cika shi ba.

Ɗalibin Kanikanci, Ƙofar Ƙaura:

Baba mai agogo Allah ya ƙara lafiya, wlh bayanin nan ya fi wanda ake mana a aji. Bari in ɗan ƙara da lambobi saboda Anti ta samu abin riƙewa.

Daga 7.35 zuwa 10.00 saura 2.65, wato haƙori 53. In da sulallan Amurka ne, na senti 25 guda 10 sun ba da 2.50, sai na 10 guda ɗaya da na 5 guda ɗaya, shikenan ja 12 ƙofa ta saki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a injin nan shi ne ba wai babban sule shi ne mai yawan kuɗi ba. Na senti 25 faɗin shi milimita 24.26, na senti 5 milimita 21.21, shi kuwa na senti 10 shi ne ƙaramin cikinsu, 17.91, amma ya ninka na 5 a daraja. Kenan wanda ya zana abin ba zai iya cewa kawai mai faɗi ya ja da yawa ƙarami ya ja kaɗan ba, dole ya yanka ma ƙarfen matakai kowane faɗi da inda yake kamawa da inda yake saki, mafi ƙanƙanta ya ja 2, na tsakiya ya ja 1, babban ya ja 5. Kuma duk wannan da falan ƙarfe da aka buga da sifirin biyu uku, tun farkon ƙarni na 20 aka fara yin su a Amurka a matsayin kayan wasan yara.

Tunda faɗi kawai yake gani, ba dole sai kuɗin gaske ba. Anti ki samu mai tuna, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanko miki zagayayyen ƙarfe milimita 24.3, kaurin shi kamar 1.75, injin zai ɗauke shi a matsayin senti 25. Ko washa, zagayayyen ƙarfen nan mai rami da ake sa wa noti, in an dace da mai wannan faɗin. Kuma wannan ma ya nuna cewa 7.35 ɗin nan ba lallai shi ne ainihin abin da ke ciki ba, wa ya sani ko marigayi ya riƙa jefa sisi da sulen Najeriya injin na rubuta su da sunan senti.

Badaurin Kwangwalam:

Allah ya jiƙan mahaifi. Ni abin da ya ja ni maganar da ɗalibi ya yi ta ƙarshe ce don na gani da idona. Mu nan bakin iyaka har gobe muna taɓa sulalla saboda sefa, na dala biyar na dala goma na dala ashirin duk suna yawo a hannu (dalar Nijar fa, sefa 5, ba ta Amurka ba kar a ruɗe). Sai na sai wa yarona irin na zamani, kwalbar roba ce mai murfi da ɗan gilashi mai nuna lamba, da batir. Na ɗauka shi wannan tunda na lantarki ne ya fi wayo, ashe shi ma faɗin yake aunawa, a bakin akwai ɗan ƙarfe mai sifirin da sule ke turawa gefe, iya nisan da ya tura shi ne lambar da za ta hau, kuma an saita shi ne a kan kuɗin wata ƙasa daban don haka sefa ɗinmu abin da ya ga dama yake rubuta musu, wani ma ya wuce bai rubuta komai ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, yaron ya gano murfin murɗewa yake, sai ya riƙa kwance shi yana ɗiba yana sayen alawa ya mayar, lamba na nan daram ba ta sauka ba, ni kuma ina ta kallon gilashi ina sa masa albarka. Sai ranar da muka zazzage muka ga rabi babu. Su waɗannan abubuwan abin da ya shiga ta baki kawai suka sani, abin da ke cikin ciki ba su da labarinsa. Gara na ƙarfen nan sau dubu tunda shi ya kulle ƙofar, ba mai ɗiba, lissafinsa dole ya tsaya. Ga shi ranar da batir ya mutu muka canza, komai ya goge ya koma sifiri, na Malam kuwa shekara hamsin yana riƙe da 7.35 ɗinsa.

Baba mai agogo tambaya, ba za a iya ƙera irin wannan na kuɗin takarda ba? Don yaran yanzu a cikin gari wasu ba su taɓa riƙe sule ba.

Mai Gyaran Agogo, Babbar Kasuwa:

Malam Badauri na takarda da ƙarfe zalla ba zai yiwu ba, takarda ba ta da ƙarfin tura harshe, lanƙwashewa za ta yi, ga ɗari biyu da ɗari biyar da dubu duk girmansu ɗaya, to mi za a auna? Sai dai mai ido na lantarki irin na banki. Abin da kafinta zai iya shi ne ya kafa ma akwatin katako kaunta ta tasbihi, a yi ƙa'ida ɗari biyu kawai ake sawa, kowace sawa a danna sau ɗaya, amma ka ga nan amanar mai dannawa ce ke aiki.

Abin na ban takaici in na tuna. Lokacin da aka kawo naira a 1973 muna da sulalla har biyar, rabin kwabo, kwabo, kwabo 5 da muka ci gaba da ce ma sisi, kwabo 10 sule, da kwabo 25. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira ɗaya sulalla, a 2007 aka sake fito da sabbi har da na naira 2, amma ba su yi wani tasiri a kasuwa ba don ba abin da suke saye. Da yanzu yaro na da abin jefawa a asusu ya ji ƙara.

Ɗiyata ke kuma ga gargaɗi kafin ki fara. Shawarar ɗalibi daidai ce amma kar ki sa washa mai kaifin baki ko wadda ta yi sirara, in ta karkace a gurbin ta maƙale kin jawo aiki, a goge gefen da fayil ya yi santsi. Abu ya daɗe a ajiye, maiƙon ciki ya bushe ƙila da tsatsa. Ki ɗiga kananzir kaɗan ta bakin da gindin hannun ki bar shi ya kwana, washegari man keken ɗinki ɗigo biyu, ban ce man gyaɗa ba ban ce baƙin mai ba, ƙura suke kamawa su daskare. In kika ja kika ji ya cije ki tsaya nan, kar ki danna da ƙarfi, haƙoran falan ƙarfe ne, guda ya lanƙwashe lissafin ya tafi. Ki ja har ƙasa kowane lokaci, ja rabi shi ke sa su tsallake. In ya gagara ki aiko ƙanen naki da shi kasuwa in duba, amma ya bar gudumar a gida.

Ɗiyar Malam, Rafin Daɗi:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na yi yadda kuka ce, kananzir ya kwana, jiya na sa man keke. Wata maƙwabciyarmu da ɗanta ya yi karatu a waje ta binciko mana na senti 25 guda ɗaya a cikin kayan shi, ɗazu bayan la'asar na sa na ja a hankali, da farko ya ɗan cije na tsaya kamar yadda Baba ya ce, na sake ja sai ya tahi, ashe har ƙararrawa gare shi a ciki, ta buga sau biyar lamba ta koma 7.60. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe ta aje rariya ta shigo, ta ce ita ta san ƙarar nan, farkon aurensu takan ji ta daga ɗakin shi ba ta san mi ke yi ba. Mun daɗe zaune ba wanda ya ce komi.

Saura 2.40 kenan in lissafina daidai ne, na 25 guda 9 da na 10 da na 5. Ɗalibi dan Allah turo min awon ƙananan biyun har da kaurinsu, gobe in Allah ya kai mu ƙanena zai je wajen mai tuna. Inna ta ce kar a yi ja na ƙarshe sai yayanmu ya zo daga Funtuwa ranar Juma'a.