Tsohuwar motar lantarki Solectria Force ta 1997 a garejin wani dattijo: in saya ko in haƙura?

Ɗan Zango a Worcester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu sanin aikin wuta. Ina zaune a Worcester, jihar Massachusetts ta Amurka, sana'ata gyaran na'urorin sanyaya gida da ɗumama shi. Wani dattijo da nake yi wa aiki yana da mota lulluɓe da tamfol a ƙuryar garejinsa, ya ce ta fi shekara goma ba ta motsa ba. A ido Geo Metro ce mai ƙofa huɗu, wato Suzuki Swift da aka sauya wa suna don kasuwar Amurka. Da na ɗaga bonet sai na ga babu injin fetur, babu lagireto, sai akwatunan ƙarfe da wayoyi masu kaurin yatsa.

Aikin Solectria ne, wani ƙaramin kamfani na nan jihar da James Worden da Anita Rajan suka kafa a 1989, dukansu ɗaliban jami'ar MIT. Sukan karɓo Metro sabuwa fil ba tare da inji ba, su ɗora mata nasu na lantarki. Kusan 400 kawai suka yi. Abin da ya kama zuciyata shi ne tun wancan zamani injin lantarki mai aiki da wutar AC (irin wutar gida) suka sa, irin wanda in ka ɗaga ƙafa daga totur yake rage gudun motar yana mayar da wuta cikin batir. Babu kuloci, babu canjin giya, maɓalli ne kake murɗawa zuwa gaba ko baya.

Batiranta 13 ne masu volt 12, jimilla 156, an raba su gaba da baya. Duk sun kumbura, biyu sun tsage, farin gishiri ya cinye kawunansu. Kujeru lafiya lau, gilasai ba ko tsaga. Dattijon ya ce dala 1,500. Wallahi ina son motar nan, ba na son ta ƙare a hannun 'yan gwangwan. Me zan duba kafin in biya?

Mai Rewaya na Panteka:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Mutuwar batir kada ta dame ka, batir kaya ne na kasuwa, da kuɗinka za ka samu. Abin da babu shi a kasuwa shi ne akwatin nan mai juya wutar batir, wato DC, ta koma AC, wanda mu nan muke ce wa inbata. An ƙera shi daidai da injin motar, in ya ƙone sai ka nemi wanda aka ciro daga wata irinta, ko ka sauya shi da injin gaba ɗaya.

Kuma ka ji ni da kyau: kada ka jona masa cikakkiyar wuta lokaci guda. Kafasitocin da ke cikinsa, wato masu tara wuta, sun daɗe ba su ga wuta ba, in ka watsa musu volt 156 farat ɗaya za su iya fashewa. Ka bi ta kwan fitila irin na da mai zare, ko resista, wutar ta hau sannu a hankali kana kallon mita. Kafin nan ka buɗe murfin ka shinshina, ka duba ko ɓera ya yi gida. Ka cire zobe da agogo, ka naɗe sifanarka da tef. Wutar DC mai yawan nan tana iya kashe mutum.

Hajiyar Sola, Kano:
Malam ya gama magana kan inbata. Ni ta batir zan yi, tunda shi nake haɗawa kullum. Kada ka mayar da na darma. Kowane ɗaya ya kusa kilo 30, ka lissafa 13 ka ga irin kayan da ƙaramar motar nan take ɗauka. Ka sa lithium irin LiFePO4: kowane ƙwaya volt 3.2 ne, guda 48 za su ba ka 153.6, in sun cika maƙil kusan 175, ƙasa da inda na darma suke kaiwa lokacin caji. Ke nan inbatar ba za ta ga abin da ba ta saba gani ba. Amma dole ka sa BMS, wato na'ura mai lura da cajin kowane ƙwaya, kuma tsohuwar cajar an saita ta ne don darma, sai an sake mata saiti ko ka sayi wata. Sannan garinku akwai sanyi, irin wannan batir ba a cajinsa in ya kai sanyin da ruwa ke daskarewa. Ka tanadi abin ɗumama akwatinsa, wannan kam aikinka ne.

Baban Yara, Ohio:
Ɗan uwa, kafin duk wannan ka kwanta ƙarƙashinta da tocila da sukuddireba. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara shi ne ajalin Metro. Ka soki ƙarfen gaba daidai inda hannun taya na ƙasa yake ɗaure, hagu da dama. In sukuddireba ta shige, kuɗin mai walda zai iya fin kuɗin motar. Ka tabbatar kuma takardar mallaka tana hannun dattijon da sunansa.

Ɗan Zango a Worcester:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na koma na duba kamar yadda Baban Yara ya ce. Hagu ƙarfe ne garau, dama akwai tsatsa tana ɓarewa amma bai huje ba, da alama zaman gareji ne ya cece ta. Takarda na nan, har da littafin gyaranta mai zanen wayoyi. Cikin inbata babu ƙauri, babu kashin ɓera. Mun daidaita a 1,200, janwe zai ɗauko ta ranar Asabar in sha Allah. Hajiya, ba zan sayi ƙwaya ko ɗaya ba sai na ga taya ta juya. Yaya Mai Rewaya, in na ari batiran mota 13 na gwaji, kwan fitila mai wat nawa zan sa a tsakani?

Mai Rewaya na Panteka:
Sa guda biyu masu wat 100 a jere, don naku na can na volt 120 ne, ɗaya shi kaɗai zai iya ƙonewa. Za su haska su dushe, sannan ka jona kai tsaye ta fiyus. In suka ƙi dushewa, cire wayar nan take ka turo mana hoton cikin akwatin. Kuma ka ɗaga tayoyin gaba daga ƙasa kafin ka taɓa totur.